Tayar Tsohuwar Golf a Hanyoyin Tsanyawa: A Ɗaga Ta Ko A Bar Ta Yadda Ta Zo?

Motar da mutumin Jamus ke killacewa a gareji, ba ya fita da ita sai ranar hutu, ita ce ke tashi da asuba a Tsanyawa ta ɗauki mutum bakwai da buhunan gero. An ƙera Golf 2 tsakanin 1983 da 1992, Golf 3 kuma daga 1991 zuwa 1997. A can, mota in ta cika shekara 30 tana nan da kamanninta na asali, ana iya ba ta lamba mai harafin H, shaidar ta shiga sahun kayan tarihi. A nan kuwa ita ce rufin asirin gida. Ita ke kai mai naƙuda asibitin Bichi, ita ke kai wake da gyaɗa Dawanau, ita ke ɗauko amarya. Ga tsirarun Starlet, ga ragowar Fijo 504 da aka yi ta harhaɗawa a Kaduna har zuwa 2006, ga ɗaiɗaikun Beetle da kamfanin Volkswagen ya fara harhaɗawa a Legas a 1975.

Duk inda masu irin waɗannan motoci suka haɗu a rumfar mai faci, da wuya a watse ba a taɓa gardama biyu ba. Ta farko a kan girma ce: a sa wa motar tayar da kamfani ya yanka mata, ko a sa babba don a ɗaga ta? Ta biyu a kan suna ce: 'yar Beljiyam, wato tsohuwar tayar da aka shigo da ita daga waje, mai babban suna, ko sabuwa dal mai ƙaramin suna? Kowane ɓangare yana da hujja, kuma hujjar ta fito ne daga wahalar hanya, shi ya sa bai kamata a yi saurin raina kowa ba.

Kafin a shiga gardamar, sai an karanta rubutun da ke gefen taya, domin rabin rigimar yana cikin lambobin nan. Ƙaramar Golf ta fi zuwa da 175/70R13. Lamba 175 faɗin taya ne a milimita. Lamba 70 tana nufin tsayin gefenta kashi 70 ne cikin ɗari na faɗin, wato kusan milimita 122. Lamba 13 kuwa girman wili ne a inci. In aka haɗa lissafin, tsayin tayar gaba ɗaya daga ƙasa zuwa sama milimita 575 ne. Golf ɗin da suka zo da wili 14 an sa musu 185/60R14, masu wili 15 kuma 195/50R15, amma duk ukun tsayinsu kusan ɗaya ne, bambancin bai kai milimita uku ba. Kamfanin yana ƙara wili yana rage gefen taya, domin giya da birki da maleji duk a kan wannan tsayin aka auna su.

Masu ɗaga mota suna cewa wanda ya yi wannan awo bai taɓa shiga hanyar amalanke ba, kuma gaskiyarsu ce. Daga Kano zuwa Bichi zuwa Tsanyawa, har a wuce Kankiya a shiga Katsina, kwalta ce. Amma abincin direban ƙauye yana bayan kwalta, a hanyoyin da ke ratsa gonaki zuwa ƙauyukan yankin Dumbulum da Gurun da Zarogi da 'Yankamaye. Ƙasar nan a nome take har bakin hanya, babu fili da za ka kauce, sai dai ka bi sawun da ka tarar. Amalanken shanu da manyan motocin ɗaukar hatsi sun riga sun haƙa ramuka biyu hagu da dama, sun bar tudu a tsakiya. Mota mai lodi in ta shiga, cikinta ne ke fara taɓa tudun. Salansa ta tafi, tankin mai ya lotse, in tsautsayi ya faɗa a kan dutse ƙasan inji ya fashe, baƙin mai ya tsiyaye ba ka sani ba sai inji ya buga. Da rani rairayi ne, da damina kuma zaizayar ruwa. Za ka ji direba na cewa, “Malam, gara in sha mai da in sauke inji.”

Hujjarsu ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, ko da yake kaɗan ne ke faɗinta da lamba. Bayan 175/70R13 akwai wani rubutu, galibi 82T. Lamba 82 tana nufin tayar tana ɗaukar kilo 475, harafin T kuma iyakar gudunta kilomita 190 a awa. Tayoyin baya biyu ke nan kilo 950. To a yi lissafi. Bayan motar ita kaɗai, ba kowa a ciki, ya kai wajen kilo 400. A zuba mutum huɗu a kujerar baya, a ɗora buhu uku mai kilo 100 a but, wanda nauyinsa ke rinjaya can bayan ƙafafun baya. An riga an kai iyakar tayar, ko ma an haye, tun ba a ɗaure buhun da ke leƙowa waje da igiya ba. Tayar 185/70R14 kuwa lambarta 88, kilo 560 ke nan. Ta 195/65R15 lambarta 91, kilo 615. Direban da ya ce ƙaramar taya na yawan fashe masa a baya, babbar kuma ba ta yi, abin da ya gani da idonsa yake faɗa.

Akwai kuma dalilin kasuwa. Motocin Turai na yanzu sun bar wili 13, sun koma 15 da 16 da 17. Tayar 195/65R15, wadda Golf 4 da Corolla da yawa ke takawa, tana cikin waɗanda suka fi yawa a duniya, don haka a Kofar Ruwa za ka same ta jibge, ka zaɓa ka darje. Mai neman 13 kuwa sai ya zagaya. Mutum yana sauya wili ne sau ɗaya, ya huta da neman taya har abada. Haka suke gani.

Masu cewa a bar mota yadda ta zo, yawancinsu tsofaffin makanikai ne da direbobin dogon zango, su kuma suna kallon abin da babbar taya ke ci a ɓoye. A ɗauki 185/70R14. Tsayinta kusan milimita 615, wato ta fi ta asali da kashi 7 cikin ɗari, amma abin da ta ɗaga motar santimita biyu ne kacal, domin rabin ƙarin ne ke ƙasa. Ta 195/65R15 ta fi ta asali da kashi 10, ta ɗaga motar santimita uku. A madadin waɗannan santimita biyu ko uku, kowace giya ta yi tsawo. Injin da ya shekara talatin, wanda tun yana sabo ƙarami ne, yanzu sai ya ƙara yunƙuri kafin ya tayar da mota mai lodi daga tsaye. Direba ya riƙa riƙe kuloci rabi a cikin rairayi har a ji ƙauri. Mai ya ƙaru, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 babu direban da ke wasa da lita ɗaya.

Birki ma haka. Ƙaramin faifan birki da aka yi don wili 13 shi ne zai tsayar da taya mafi tsayi da nauyi, sai tazarar tsayawa ta ƙaru. Maleji kuma ya koma yi wa direba ƙarya: in ya nuna 100 da 185/70R14, motar tana kan 107, da 195/65R15 tana kan 110. A kan kwaltar da yara ke tsallakawa zuwa makaranta, awaki na faɗowa, babura na fitowa daga kowane lungu, kilomita goman nan su ne tsakanin a tsaya da a taka.

Abin da ya fi damuna shi ne gogar madigad. Na sha ganin tayar baya da aka ciro daga Golf mai lodi, zanenta na nan da sauransa, amma a kafaɗarta akwai wani layi mai sheƙi da ya zagaye ta, kamar an bi da aska. Bakin madigad ne ke yankarta duk lokacin da motar ta faɗa rami. Mai motar ya sayi babbar taya don ta ɗauki nauyi, bodin motar kuma yana cinta ta gefe, inda ta fi rauni. Daga nan sai a shiga gyaran da ke haifar da wani gyaran: a bubbuge madigad da guduma, a sa sifirin na wata mota, a cusa roba a ƙarƙashinsa. Motar ta ɗaga, shaf ya karkace fiye da yadda aka tsara shi, robarsa ta yage, yashi ya shiga, boris ya fara kuka. Sannan wilin da aka aro, ko da ramukan notinsa huɗu sun dace, ramin tsakiyarsa ba lallai ya zauna daidai ba, domin na Golf milimita 57.1 ne, na wasu motocin ya fi haka ko bai kai ba. Wanda bai zauna daidai ba shi ke sa sitiyari rawa a kan gudu.

A ganina masu ɗaga mota sun fahimci ciwon, amma sun zarce a magani. Masu sana'ar taya suna da ƙa'idar da suka daɗe a kai, cewa kada tsayin sabuwar taya ya bambanta da na asali fiye da kashi 3 cikin ɗari. A cikin wannan iyaka akwai mafita. Tayar 185/70R13 tana hawa wilin da motar ta zo da shi, ta fi ta asali da kashi biyu da rabi kawai, lambar nauyinta 86, wato kilo 530. Ƙarin kilo 110 ke nan a ƙafafun baya ba tare da an taɓa sifirin ba. Wanda ya riga ya koma wili 14, 185/65R14 ta ɗan haye iyakar kaɗan, ta ɗaga motar santimita ɗaya, ita ma 86 ce. Daga nan zuwa sama, asarar ta fi ribar. Wanda kuma ya kamata a hana shi kai tsaye shi ne saurayin da ke sa wa motarsa wilin alminiyom mai 195/50R15 don ado. A lissafi tsayinta daidai yake, amma gefenta bai kai santimita goma ba. Rami ɗaya a hanyar burji ya isa ya matse ta a jikin wili, ta yi ƙulu, ko wilin ya tsage. A cikin rairayi ma taya mai dogon gefe ce ke yin aiki, domin ita ce in aka ɗan rage mata iska take shimfiɗuwa ta hau kan yashi maimakon ta haƙa.

Mai 504 ba shi da wannan ruɗani sosai. Faransawa sun ba ta 175R14, mai dogon bodi da akori-kura kuma 185R14, tayoyi masu dogon gefe da suka dace da hanyarmu tun asali, kuma tazarar notin wilinta daban take, ba kowane wili ke hawa ba. Mai Beetle shi ma tayarsa ta zamani 155R15 ce ko 165R15, siririya doguwa. Wahalarsu ita ce samu. Michelin har yau yana buga tsofaffin samfura irin su XZX da XAS don masu motocin tarihi, Pirelli ma yana buga Cinturato na da, amma da kuɗin Turai ake sayensu, ba don motar haya aka yi su ba.

Gardama ta biyu ta fi zafi, kuma tana da tarihi. Akwai lokacin da direban Kano ke sayen sabuwar Michelin da aka yi a Fatakwal ko sabuwar Dunlop da aka yi a Ikeja. Michelin ya rufe masana'antarsa a 2007, Dunlop ya daina bugawa a 2008, duk suna kuka da tsadar wuta da kwararowar tayoyin waje. Tun daga nan kusan duk tayar mota da ke ƙasar nan shigo da ita ake yi, don haka farashinta yana bin dala, kuma kowa ya ga abin da ya faru da naira daga watan Yunin 2023. Tsohuwar tayar ƙananan motoci tana cikin jerin kayan da Kwastan ta haramta shigowa da su, amma ga ta nan a kowace kasuwa.

Mai son 'yar Beljiyam yana cewa Michelin ko Bridgestone ko Continental, ko ta yi rabin rai, ƙashinta ya fi na sabuwar da ba a san uwarta ba. Waya mai kyau, roba mai kyau, an yi ta don ƙasar da ake bincike. Ya kuma ce, “Oga, sabuwar da na saya bara, wata uku ta yi ƙulu, wa zan kai wa ƙara?” Wannan ƙorafi yana da tushe. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama kwantenoni da aka cusa sababbin tayoyi cikin juna, uku ko huɗu ko biyar a cikin ɗaya, don a rage kuɗin dako da na fito. Tayar da aka murɗe aka tura cikin wata, aka kuma zaro ta da ƙarfe, wayar bakinta ta riga ta ji rauni tun ba ta taka ƙasa ba. Ga kuma maganar aljihu, wadda ita ce gaskiyar yawancin mutane. Direban da ke biyan balas kullum, taya ɗaya yake iya saya a lokaci guda, ita ma sai ranar kasuwa ta yi kyau. Ka ce masa ya sayi sababbi huɗu, kamar ka ce ya ajiye motar ne.

Duk da haka, a kan wili 13 na fi karkata ga sabuwa, kuma dalilina yana cikin abin da masu babbar taya suka faɗa da bakinsu. In motocin Turai sun daɗe da barin wili 13, to 'yar Beljiyam mai lamba 13 daga ina take fitowa? Mafi yawa daga tsofaffin motocin da suka daɗe a ajiye, ko daga safayar da ta shekara goma a but. Zanenta zai yi kyau, domin ba ta yi tafiya ba, amma roba tana tsufa ko ana hawa ko ba a hawa. A gefen kowace taya da aka yi daga shekarar 2000 akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2314 na nufin mako na 23 a 2014. In lambobin uku ne, tayar ta girmi shekarar 2000. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana wa'azin shekara huɗu daga ranar ƙira, kuma ta tsananta a kan haka bayan haɗarin 6 ga Maris 2016 a hanyar Kaduna zuwa Abuja, inda fashewar taya haɗe da gudu suka yi ajalin ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa. Michelin shi kansa yana cewa bayan shekara biyar a riƙa duba taya duk shekara, in ta kai goma a cire ta komai kyan zanenta. Ko wace magana mutum ya ɗauka, tayar 2014 ta wuce duka biyun.

Sai kuma tayar sanyi. Ka duba gefenta, in ka ga hoton tsauni mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki, ka kuma ga zanenta cike da 'yan siraran tsage-tsage, to don dusar ƙanƙara aka yi ta. Turawa suna cire ta tun da sauran zane, domin in ya yi ƙasa da milimita huɗu ba ta riƙe ƙanƙara, shi ya sa take da kyan gani a kasuwarmu. Robarta mai laushi ce, an haɗa ta don yanayin da bai kai digiri 7 ba. Mu kuma a watan Afrilu zafin inuwa ma yana haura 40, balle kwalta da tsakar rana. Babban sunan da ke jikinta na gaske ne, amma ba don hanyar Bichi aka buga shi ba.

Kuma kuskure ne a tara duk sababbin tayoyi masu sauƙi a kira su 'yan Caina marasa asali. Maxxis ta Taiwan ce, GT Radial ta Indonesiya, MRF da CEAT na Indiya, Hankook da Kumho na Koriya ta Kudu. A cikin na Sin ɗin ma akwai manyan masana'antu irin su Triangle da Linglong da Westlake da Sailun, waɗanda ke sayarwa har Turai. Da yawa daga cikinsu suna buga 13 har gobe, domin a ƙasashensu ƙananan motoci na nan da yawa, kuma Indiya da Indonesiya sun san zafi da rami kamar yadda muka sani. Abin gudu shi ne sunan da ba ka taɓa ji ba, wanda dila ba zai ba ka rasit a kansa ba. Sabuwar ma sai an duba ta: a karanta shekararta, a sa hannu a shafa bakinta ta ciki a ji ko ya lanƙwashe, a nemi inda aka rubuta darajar jure zafi, wadda ake nunawa da A ko B ko C, a ɗauki A ko B.

Wanda ƙarfinsa bai kai ba, dole sai 'yar Beljiyam, ba zan ce ya yi laifi ba, amma ya saye ta da rana, ya juya ta, ya leƙa cikinta ya nemi tsohon faci kusa da gefe, ya matsa gefen da yatsa ya ga ko ƙananan tsagu za su buɗe. Kada ya haɗa girma biyu a ƙafafun gaba ko a na baya, domin motar za ta riƙa fizga gefe in an taka birki. Kuma mafi lafiyar tayoyinsa su koma baya. Direbobinmu sun saba sa masu kyau a gaba saboda Golf da gaba take ja, amma in ta gaba ta fashe sitiyari yana hannunka, in ta baya ce, ga lodi a kanta, motar juyawa take yi. Kamfanonin taya da kansu baya suke cewa a sa sababbin.

Iska ma tana kashe tayoyin da ake ɗora wa laifin suna. Golf wajen 30 take so a geji, a ƙara wa baya in an yi lodi, kuma adadin yana rubuce a murfin tankin mai ko a jikin ƙofa in takardar ba ta goge ba. Mai facin da gejinsa ya mutu yana buga taya da ƙarfe ya saurari ƙara, ya ba ta 50 ko fiye, direba kuma yana jin daɗi domin motar ta ɗan ɗaga. Tsakiyar tayar ya cinye, gefe na nan, kuma duk dutsen da ta taka kai tsaye yake shiga waya. Wanda ya rage iska don ya fita daga rairayi kuma, ya hau kwalta bai mayar ba, gefen tayar zai yi ta lanƙwasa yana ɗaukar zafi har ta tarwatse kafin Dawanau. Ƙaramin geji na hannu ba shi da tsada, kuma da safe ake aunawa, kafin motar ta yi tafiya.